Yadda Alkama Ta Fitar da Hadizatu Daga Ɗakinta

A shekarar 1981 ne alkama ta sauko daga akushin manya ta shiga tukunyar talaka a unguwarmu ta Bakura. Kafin wannan shekara mun san alkama kamar yadda muka san gwamna: muna jin sunanta, mukan hango ta ranar biki, amma ba ta kwana a gidajenmu. Da ruwan madatsar Bakolori ya iso ta magudanan siminti, bayan wahalar da ba nan ne wurin faɗinta ba, sai malaman gona suka biyo shi da iri da taki da huluna masu faɗi, suka shaida mana cewa gero da dawa abincin jiya ne. Ashe kakanninmu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin kuskure, ba wanda ya sanar da su.

Hadizatu 'yar garin Garbadu ce. Mahaifinta malamin allo ne, mahaifiyarta kuwa, Nagode, ita ake kira idan za a yi girkin biki. A gindin murhun uwarta ta koyi alkubus da finkaso da alkaki, sana'ar da a lokacin ba a bukatarta sai da salla ko ranar ɗaurin aure. An kawo ta gidan maƙwabcina Inuwa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ta haifa masa 'ya'ya uku. Inuwa manomi ne, ƙato, irin wanda idan ya tsaya a ƙofar zaure sai haske ya ragu. Ba shi da faɗa, kuma ba shi da ra'ayi; ra'ayinsa yana ƙauyen Janbako, a hannun yayarsa Safara'u, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ta taɓa yarda cewa rainon ya ƙare ba.

Inuwa na cikin waɗanda suka fara noman alkama da rani, kuma ta yi masa kyau. Buhuna suka cika ɗaki guda. Nan fa ilimin Hadizatu ya sami filin da ya daɗe yana nema. Da safe finkaso, da rana taliya 'yar murji, da almuru alkubus mai laushi da miyar taushe. Ni kaina na ci rabona ta kan katanga, kuma ina shaidawa ban sake cin alkubus irin nata ba. Inuwa ya sanar a majalisa cewa shi da tuwon dawa sun yi ban kwana, sai dai a gaisa daga nesa.

Kafin shekara ta zagayo, ƙaton nan ya fara zubewa. Abin mamakin shi ne, cin abincinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Zai share kwano, cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi, sannan ya nufi bayan gida da sauri. Daga baya, da kunya ta gaji ta bar shi, ya gaya mini cewa abin da yake fitarwa fari-fari ne, mai maiƙo, mai warin da shi kansa yake guje wa. Idanunsa suka yi fari, gefen bakinsa ya tsage, ƙafafunsa suka fara kumburi, fartanya ta yi masa nauyi. Abinci yana shiga gidan, amma ba ya zama a cikin mai gidan.

A ƙasarmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a kai wa majiyyaci abincin da yake ci kullum. Mafi daraja ake kai masa. Mafi daraja kuwa a waɗannan shekaru, alkama ce. Saboda haka duk wanda ya shigo sai ya ajiye burodi ko alkaki ko gurasa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni ma burodi na kai, mai kyau, daga Talata Mafara. Hadizatu kuma, ganin mijinta yana ramewa, ta ninka ƙoƙari: ta daina ba shi kunun gero, wai ba ya riƙe ciki, ta koma dama masa na alkama. Unguwa guda muka haɗu, cikin ƙauna da zumunci, muna ɗura wa bawan Allah abin da yake cinye shi.

An kai shi wurin Malam Barnabas, ma'aikacin lafiya a Talata Mafara, wanda kowa yake kira Likita ko da yake shi bai taɓa kiran kansa haka ba. Ya sa aka auna bayan gidan Inuwa, aka sami tsutsar ciki, aka kuma sami wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda ake sha a ruwan magudana.

"Malam Inuwa, ruwan nan don gona aka kawo shi, ba don randa ba," in ji Barnabas. "Waɗannan abubuwa suna manne wa hanji su hana shi tsotsar abinci. Kai kake ci, su suke ƙiba."

Ya ba shi magani, ya ce a riƙa tafasa ruwa. Aka sami sauƙi kaɗan, kowa ya yi hamdala, sannan gudawa ta dawo kamar ta je kasuwa ne. Barnabas ya ce akwai masu cikin da ba ya narkar da madara, ya hana shi nono na wani lokaci. Fura ba nono, a wurinmu, ta fi kusa da hukunci fiye da magani, amma Inuwa ya jure, kuma ba abin da ya canja. Aka binciki tarin fuka, domin yakan sauka hanji, ba a same shi ba. A nan Barnabas ya faɗi abin da ba kowane mai farar riga yake iya faɗi ba: abin ya wuce saninsa, a tafi babban asibiti a Sakkwato.

Sakkwato kuwa, a fahimtar dangi, wuri ne da ake kai mutum idan an gama fid da rai. Maimakon haka aka aika wa Safara'u. Zan bar maganar kowa yadda ta fito daga bakinsa. Ni malamin makaranta ne, amma gyaran nahawu na ajiye shi ga tawa.

Ta iso, ta dubi ƙanenta daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dubi matarsa daga ƙasa zuwa sama.

"Ke 'yar Garbadu, mi kika ba ƙanena?"

"Abin da nika ci, Yaya, shi nika ba shi. Tukunya guda ta."

"To, ke kina cika zane, shi wando na faɗuwa mishi. Wace irin tukunya ta wagga, mai zaɓen wanda za ta ƙosar?"

Ita ma Hadizatu tambayar ta daɗe tana damunta. Safara'u ta ɗauki ƙanenta ta tafi da shi Janbako, inda hanya ba ta barin burodi ya isa da ransa, kuma ruwan madatsa bai kai alherinsa ba. A can ba abin da aka sani sai tuwon dawa da miyar kuka, da fura, da wake. Wani mai magani ya ba shi saiwa a kwalba, ya sha. Damina guda ya yi a can. Ya dawo Bakura da ƙafafunsa, kumatu sun ciko, yana wasa da yara. Mai saiwa ya yi suna har Maradun, kuma na ji ya ƙara aure.

Hadizatu, saboda murna, ta yi abin da kowace matar kirki za ta yi: ta haɗa walimar dawowa. Alkubus ɗin wannan rana har yanzu tsofaffi suna tuna shi. Inuwa ya ci na watannin da ya rasa. Ba a daɗe ba ya koma hanyarsa ta bayan gida, kuma kafin rani ya yi nisa wandon ya sake faɗuwa.

Safara'u ta dawo, wannan karon da hujja. Ta tara dangi a zauren Inuwa.

"Gidana ya tashi, gidanta ya kwanta. Na ɗauke shi ya warke, na maido shi ya zube. Ko makaho ya ga wanga. Ni ban ce komi ba, ku dai ku duba."

Dole in yi mata adalci: hujjar ta tsaru. Da ɗalibina ne ya kawo mini ita a aji, da na ba shi maki. Duk abin da ta lura da shi gaskiya ne. Abin da ta fahimta ne kawai ƙarya. Ba wanda ya furta kalmar maita a zauren, ba wanda ya ce sammu. Mutanenmu masu ladabi ne, ba sa faɗin irin wannan. Aikata shi kawai suke yi. Mata suka daina kiran Hadizatu girkin biki. Idan ta aika da kwano maƙwabta, sai a karɓa da godiya a juye wa kaji. Kajin unguwarmu ba su taɓa yin ƙiba irin ta wannan shekara ba, kuma ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kan haka.

Abin da ya rage shi ne aurenta, kuma shi ma bai daɗe ba. Inuwa bai iya rubuta saki ba, bai kuma iya saɓa wa yayarsa ba, sai ya zaɓi hanyar da matsorata suka share tun da daɗewa.

"Tahi gida ki huta, sai na neme ki."

"Hutu da mi, Malam? Ka ji nic ce na gaji?"

Ya dubi tabarma. "Yaya ta ce a gwada a gani."

"To, a gwada. Allah shi ba ka lahiya. Amma ka sani ban taɓa ba ka abin da ban ɗanɗana ba."

Ta goya ƙaramar, ta bar manyan biyu, ta kama hanyar Garbadu: ba bazawara ba, ba matar aure ba.

Safara'u ta tare a gidan domin ta nuna wa duniya yadda ake jinyar namiji. Da ta buɗe ɗakin ajiya ta ga buhunan alkama, sai ta yi salati. Ita da ba ta ganin alkama sai a gidan biki, ga ta nan jibge kamar yashi. Ba za a ce ta zo gidan mai alkama tana tuƙa masa dawa kamar a ƙauye ba. Ta zage ta shiga yin alkubus. Na sami nawa ta kan katanga, kuma ina ganin da an tara irinsa da an yi gini. Inuwa ya ci, saboda yunwa da biyayya, ciwon kuma ya ci gaba da aikinsa bai ko lura an canja mai girki ba.

Wani zai zaci wannan ya wanke Hadizatu. Wanda ya zaci haka bai san mu ba. Safara'u ta gano cewa abin da matar ta binne yana nan a gidan. Aka haƙa ɗakinta, aka haƙa gindin murhu, aka tone bakin rijiya. Aka sami tsohon cokali da ƙashin kaza, aka yi ta jujjuya su ana girgiza kai. Sai da Inuwa ya kasa yin salla a tsaye sannan aka tuna da maganar Barnabas. Aka nemi mota zuwa Sakkwato, aka roƙe ni in bi su saboda Turanci.

Likitan da ya duba shi mutumin Sudan ne, dattijo, mai 'yar Hausa da ba ta bambanta namiji da mace. Na yafe masa, na yi tafinta. Ya sa aka yi gwaje-gwaje na jini da na bayan gida da hoto, sannan ya zaunar da mu.

"Ku manoman rani ne, za ku gane," in ji shi. "Hanji kamar babbar magudana ne. Idan ƙananan ƙofofin da suke shigar da ruwa gonaki suka toshe, ruwa zai wuce a cike har ƙarshe, gona kuma ta bushe a gefensa. Haka abinci yake wuce wannan mutum. Abin da muke nema shi ne abin da ya toshe ƙofofin."

Ya ce dalilan suna da yawa. Tsutsa da ƙwayoyin ruwa an riga an kashe su. Tarin fuka na hanji bai ga alamarsa ba. Wani lokaci hanta ko maɗaciya ce take kasa zubo ruwan da yake narkar da mai, wani lokaci kuma wata tsoka ce da take bayan tumbi take gajiya da aikinta. A nan bai ga abin da ya nuna su ba. Akwai wanda aka yanke wa wani sashe na hanji, Inuwa kuwa wuƙar likita ba ta taɓa shi ba. Akwai kuma wani kumburin hanji na ƙasashen zafi da yake jin magani, wanda zai gwada idan sauran sun ƙi. Sannan ya tambaya ko ciwon ya taɓa lafawa.

Safara'u ta gyara zama. Ranarta ta zo.

"Hwaɗa mishi, Malam. Gidana ya warke sarai. Hannun matar nan ad da magana."

Na faɗa masa, cikin lafazin da ya fi nata taushi. Likita bai yi dariya ba. Ya tambaya me ake ci a gidanta. Ta ce dawa da gero, abin talaka. Ya tambaya me matar take dafawa. Ta ce alkama, safe da dare, don iyayi. Ya tambaya, to yanzu da matar ba ta nan, me ita take dafa masa?

Da ƙyar Safara'u ta ce alkubus.

Likita ya ce a cikin hanji akwai ƙananan tsiro masu yawa, kamar gashin tawul, su ne suke tsotsar abinci. Akwai mutanen da jikinsu yake faɗa da wani sinadari na cikin alkama, faɗan kuma a kan tsiron nan yake ƙarewa, har hanjin ya koma sumul kamar tsohon faranti. Ya ce ya ga irin wannan a ƙasarsu, a nan kuwa bai cika ganinsa ba, kuma ba shi da kayan da zai ɗebo ɗan yanki na hanjin ya tabbatar. Abin da ya rage shi ne gwaji: a raba shi da alkama gaba ɗaya, har burodi da taliya da biskit, a ga abin da zai faru.

"Alkama?" in ji Safara'u. "Abincin Makka da Madina? Malam, ka tabbata ka hwassara daidai? Gari duka na cin ta, wa ta kashe?"

"Dubu za su ci su ƙoshi, ɗaya ya ci ya rame," in ji likita. "Ƙanenki ne ɗayan."

Aka riƙe shi a asibiti a kan shinkafa da tuwon masara da kunun gero, da ƙwayoyin ƙarin jini. Gudawa ta tsaya. Aka sallame shi, ya dawo gida ya koma wa tuwon dawar da ya yi wa ban kwana, ita kuma dawa, da yake ba ta da riƙo, ta karɓe shi. Safara'u ta ce wannan ba ya nuna komai, ai haƙar da aka yi ce ta karya abin. Inuwa da kansa ya raba gardamar, ba da niyya ba. Wata Talata, bayan ya murmure, ya je kasuwa, ƙamshin shayi da burodi ya rinjaye shi, ya zauna ya ci rabin burodi a ɓoye. Kwanakin da suka biyo baya ya yi su tsakanin ɗaki da bayan gida, alhali Hadizatu tana Garbadu, Safara'u ta riga ta koma Janbako, kuma mai shayin bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Muka tafi biko, ni da shi da wani kawunsa. Mahaifin Hadizatu ya karɓe mu da gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, ya tambayi gida da gona da ruwa da gajiya, bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Da muka faɗa, sai ya ce magana tana wurin mai ita. Ta zo ta tsaya a bayan ƙofa, ta yi wa Inuwa magana.

"Malam, ka ji sauƙi?"

"Na ji sauƙi. Alkama ta, ashe."

"Na ji labari. To ita alkamar, an haƙa ɗakinta?"

Kawun ya yi tari. Inuwa ya ce a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. A ƙasarmu Shaiɗan yana ɗaukar kaya masu yawa da ba shi ya ɗaura ba.

"Zan koma don ɗiyana," in ji ta. "Amma zauren da anka tara mutane anka ɓata ni, nan za a tara su a wanke ni. Kai za ka hwaɗa, da bakinka, ba malamin makaranta ba."

Ya yarda, kuma ya cika. Sai dai ranar da aka sa, mutanen da suka cika zaure maƙil lokacin zargi duk aiki ya taso musu. Wannan yana ban-ruwa, wancan ya tafi ta'aziyya. Safara'u ta aiko cewa ƙafa tana damunta, ta kuma ƙara da cewa ita ba ta taɓa kiran kowa da wani suna ba, cewa ta yi a duba. Mu kaɗan muka zauna, Inuwa ya miƙe ya ce matarsa ba ta da laifi, cikinsa ne ba ya shiri da alkama. Muka shafa fatiha. Hadizatu ta shiga ɗakinta, ta tarar da ramukan da aka haƙa, ta kwaɓa ƙasa ta cike su da hannunta.

Ta zauna da Inuwa shekara talatin da wani abu bayan wannan. Ya ci gaba da noman alkama yana sayarwa, bai sake sa ta a baki ba, ita kuma ba ta sake dafa ta a gidan ba, ko da salla. Ya rasu da furfura da tumbi, ciwon hawan jini ne ya ɗauke shi. Safara'u ta riga shi, kuma har ta koma ga Allah mai saiwar Janbako take yaba wa.

Hadizatu tana nan da ranta, a gidan babban ɗanta a Talata Mafara. Idonta ya yi rauni amma tana girki. Ɗaya daga cikin jikokinta ya fara ramewa bayan yaye, ta sa aka kai shi asibiti aka ambaci ciwon kakansa, aka raba shi da alkama, ya tashi lafiya. A unguwarmu ta Bakura kuwa, har yau akwai gidajen da idan ta zo ziyara ta aika da kwano, ake karɓa da godiya, ba a ci.